Na Ce a Ce Masa Ba Na Nan

Mijina ya rasu ana shirin shukar damina. Ya bar mini 'ya'ya biyu, da gonar shinkafa a fadamar Argungu, da injin ban ruwa guda ɗaya mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Shekara biyu ya yi a kwance. Ni na juya shi, ni na wanke shi, ni na ba shi kunu a baki, kuma ban taɓa yi masa tsaki ba ko a zuci, don mutumin kirki ne. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda labarin da zan bayar, kada wata ta karanta ta taɓe baki ta ce da ma can idona a waje yake. Idona bai taɓa leƙa waje ba sai rana ɗaya, ita ma ruwa ne ya kai ni.

Na shiga takaba yadda ake shiga a gidanmu. Ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba turare, zane ɗaya baƙi da hijabin da ya koɗe. Inna ta ba ni wata 'yar wuƙa mai ƙotar itace ta ce kada ta bar hannuna ko bayi zan zagaya. Na tambaye ta wa zan soka da ita, ta ce in rufe mata baki, haka ta ga uwarta ta yi. Na riƙe wuƙa. Wata uku da 'yan kwanaki ina zaune a ɗaki ina karɓar gaisuwa, ina cewa an gode, har kalmar ta daina ɗanɗano a bakina.

Ana cikin haka labari ya zo cewa an saki ruwan madatsa daga sama, gulbi na cika, duk mai kaya a fadama ya je ya kwashe. Injinmu yana can cikin bukkar gona tun ƙarshen noman rani, an ɗaure shi da sarƙa a jikin turke, makullin yana wurina. Na aika wa ƙannen mijina su uku. Na farko ya ce ƙafarsa. Na biyu ya ce sai an raba gado an san na wane ne, ba zai ɗauki kayan da ba nasa ba. Na uku bai ma ce komai ba. Raina ya ɓaci. Injin nan shi ne tuwon 'ya'yana, in ruwa ya ci shi, rani na zuwa ba ni da abin ba shinkafa ruwa. Na tambayi malamin unguwarmu ta bayan labule, ya ce mai takaba tana iya fita don lalura matuƙar za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na ce ai ko azahar ba za ta yi mini a waje ba.

Wani tsoho Basarke, masunci, abokin mahaifina, shi ya ɗauke ni a jirginsa da sassafe. Hanyar da muke bi da ƙafa ta zama ruwa, sai kawunan shinkafa ke leƙowa nan da can. Bukkarmu tana kan ɗan tudu, ruwa bai kai ta ba tukuna. Tsohon ya sauke ni, ya ce, "Ɗiyata, kwance shi ki jawo shi bakin ruwa. Za ni tungar masunta can in ɗebo mata da ƙanana, ruwa ya shiga masu ɗaka. Kahin azahar na dawo." Na ce masa to, Baba. Wayata na bar ta a gida wurin yara, don ban ga abin da zan yi da ita a cikin ruwa ba.

Na kwance sarƙa, na naɗe tiyo, na kama injin zan ja. Ko motsi bai yi ba. Na ja, na zage shi, na sake ja, na matsar da shi taki biyu, na zauna ina haki. Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwantar da ciyawa. Kafin in ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Cikin ƙarar ruwan ne na ji sallama. Na ɗauka kunnena ne. Aka sake yi. "Salamu alaikum, masu bukka!" Na leƙa. Wani mutum ne dogo, baƙi, ruwa ya kai masa ƙugu, ya ɗora jakar kayan aiki a ka yana ratsowa. Da ya hau tudun ya ga mace ce ita kaɗai, sai ya tsaya cak a cikin ruwan sama, ya juya mini baya.

"Ki yi haƙuri, Malama, ban san mace ta ba. Tudun da nike ruwa ya canye shi. Jirgin da yak kawo ni ya tahi da injunan mutane, bai dawo ba."

Na ce, "To sai mi? Nan za ka tsaya ruwa shi kashe ka, a ce ni nik kashe ka? Shigo."

Ya shigo a sunkuye, ya raɓe a bakin ƙofa inda yayyafi ke dukansa. Bukkar ba ta da girma. Gadon kara ɗaya ne a ciki wanda aka ɗaga a kan turaku, sai injin, sai tsofaffin buhuna. Na koma can ƙarshen gadon na ƙanƙame wuƙata. A ranar na fara ganin amfaninta. Ya kalli wuƙar, ya kalli idona da ba kwalli, ya sauke kai.

"Allah shi jiƙan mai gida, shi ba ki haƙuri."

"Wa yah hwaɗa maka?"

"Ga ta nan hannunki. Innata ta riƙa irinta."

Daga nan bai ƙara kallona ba, sai ya kama kallon injin. Ya ce shi mai gyaran injunan ban ruwa ne daga Birnin Kebbi, wajen Badariya yake, manoma ne suka ɗauko shi ya kwance masu injuna kafin ruwa ya zo. Wayarsa ta sha ruwa, ya ciro ta ya girgiza ya mayar aljihu. Mutum ne da hannunsa ba ya iya zama. Ba a jima ba ya nemi izini ya duƙa gaban injina, ya buɗe jaka, ya fara kwance shi. Ya ciro fulogi ya duba, ya girgiza kai.

"Wanga inji wa ka gyara shi?"

Na ce duk wanda aka samu.

"Allah shi yahe masu," in ji shi. Na yi dariya. Ta kuɓuce mini ne, na yi maza na toshe baki da hijabi, don rabona da dariya tun kafin rasuwa.

Azahar ta yi, ta wuce, ba jirgi ba dalilinsa. Ruwan sama ya tsagaita amma gulbi bai tsaya ba. Na kafa kara a bakin tudu don in ga hawansa, na koma bayan ɗan lokaci na tarar karan ya nutse. Na tsaya ina ƙwala wa tsohon kira, muryata ta tafi kan ruwa ba ta dawo da komai ba. Ba mutum, ba jirgi, sai buhun wani da ya wuce yana juyawa da wata akuya matacciya. Nan tsoro ya shige ni sosai. Ban iya iyo ba. Na tuna yarana, na tuna maganar malam cewa in kwana a ɗakina, na fashe da kuka a tsaye. Mutumin bai ce in yi shiru ba. Ya tsaya nesa kaɗan har na gaji don kaina, sannan ya ce, "Tudun ga ya hi wancan tsawo. Ko ruwa ya shigo, ba ya kai gado." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, amma na kama maganar na riƙe.

Da la'asar ya yi alwala a bakin ruwa, ya shimfiɗa buhu, ya tayar da salla. Na tsaya ina shawara, sai na shimfiɗa nawa buhun a bayansa na bi shi. Shekara biyu rabona da in tsaya bayan namiji a salla, tun da mijina ya kwanta. Rigarsa a jiƙe take, ta manne masa a baya, ina ganin yadda kafaɗunsa ke motsi in ya yi ruku'u. Na sauke idona, ya sake tashi da kansa. Allah Ya yafe mini wannan la'asar, don ban san me na karanta a cikinta ba.

Ina da fura a gora, shi yana da ƙuli-ƙuli a leda. Ba ludayi, ba kofi. Na sha na miƙa masa gorar, ya kafa baki daidai inda na ɗauke nawa, ya sha, ya miƙo mini. Na riƙe gorar ina kallon bakinta. Abin banza ne, ko yara suna yi kullum. Amma da na sake kafa baki sai na ji wani abu ya sauka mini tun daga maƙogwaro har mara, kuma ba furar ba ce. Na tsargu da kaina, na ja hijabi na rufe har yatsun ƙafa.

Wajen rufe ƙafar ne na gan ta. Matsattsaku ce, ta kama ni a saman idon sawu, ta sha jini ta yi ɓul-ɓul. Ni da ba na tsoron kunama, wannan halitta ba na ko son ganinta. Na yi ƙara na kai hannu zan fizge.

"Tsaya! Kak ki ja ta, kai na tsinkewa ciki. Miƙo wuƙag ga."

Wata uku wuƙar nan ba ta bar hannuna ba, amma na miƙa masa ita ban ko yi tunani ba. Ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Ki gahurce ni, Malama, dole in riƙa." Ya tallabi dugadugina da hannun hagu. Tafinsa da kaushi, da ɗumi, yana warin fetur, akwai wani tsohon tabo da ya raba masa babban yatsa. Ya sa bayan wuƙar a hankali yana tura bakin abin, kaɗan-kaɗan, numfashinsa na sauka a ƙwaurina. Ni kuwa na manta da wata matsattsaku. Shekara biyu ina taɓa jikin mutum ina wankewa ina shafawa, ba wanda ya taɓa nawa. Jikina duka ya tashi. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma na so kada abin nan ya saki da wuri. Gaskiyar ke nan, ba zan yi mata ado ba.

Ta saki, ya jefar da ita waje. Jini na zuba, ya danne wurin da babban yatsansa. Ya daɗe yana dannawa fiye da yadda jinin ke bukata, ni na sani, shi ma ya sani. Ya ɗago ido sau ɗaya muka haɗa, sai ya saki ƙafar kamar ya taɓa garwashi, ya ajiye mini wuƙar a gefe, ya fita ya tsaya a bakin ruwa yana istigfari a bayyane.

Magariba na yi ruwa ya shigo bukkar. Muka haɗa ƙarfi muka ɗora injin a kan gadon, ya cinye rabin wurin. Abin da ya rage bai fi tabarmar salla ba. Ya ce shi zai tsaya a ƙasa. Na bar shi har ruwa ya kai masa gwiwa, na ga yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, sai na ce, "Malam, hawo. In ka mutu nan mi zan ce ma mutanenka, ni da ban san ko sunanka ba?" Na yi zaton zai faɗi sunan. Bai faɗa ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya kai tsaye. Ya hau, ya juya mini baya, na juya masa. Ya sa buhu a tsakaninmu.

Buhu ɗaya me zai tare? Ɗumin bayansa ya ratso shi ya shige ni. Da farko kowa ya miƙe zam yana riƙe da nauyinsa. Sannu a hankali gajiya ta yi aikinta, na jingina, ya jingina. Ina jin numfashinsa a ƙashin bayana, ina jin bugun zuciyarsa, kuma ba ta tafiya a hankali. Muka yi ta hira muna kallon bango daban-daban. Ya ce matarsa ta rasu wajen haihuwa shekara uku da suka wuce, ita da abin da ta haifa. Ya ce tun daga nan in ya koma gida ba ya kunna fitila. Na ba shi labarin jinya, har abin da ban taɓa faɗa wa Inna ba, cewa ranar da aka fita da gawar na ji baƙin ciki kuma na ji sauƙi, ban san wanne ya fi ba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Na sani."

Hannuna yana kan karan gado, nasa ma. Ban san wanda ya matso ba. Na dai ji ɗan yatsana ya taɓa nasa, ba wanda ya janye. Daga nan ya kife tafinsa a kan hannuna, na juya nawa na riƙe shi. Iyakar abin da ya faru ke nan, na rantse da wanda raina ke hannunSa. Amma da ya juyo, ban san abin da zan yi ba, kuma ba na jin zan iya cewa a'a. Na zauna ina roƙon Allah kada ya juyo, wani ɓangaren zuciyata na roƙon ya juyo. Bai juyo ba. Haka muka kai asuba, ruwa na lasar ƙasan gado, hannuna cikin nasa.

Da gari ya fara haske ya saki hannuna, ya yi gyaran murya.

"Malama, kwana nawa sunka rage?"

Ba a neman mai takaba, kowa ya sani. Namiji ba ya furta mata aure, ba ya yi mata alkawari, iyakarsa ya zagaya. Na gane tambayar sarai. Na ce, "Ashirin da ukku."

Sai ya jawo jaka, ya ɗauki sifana, ya kwance wani ɗan ƙarfe daga jikin injin, wanda ke ba shi mai, shi ya kira shi kafireto. Ya juya shi a hannu yana dubawa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Wanga na son aiki ƙwarai. Sai na tahi da shi Birnin Kebbi. Ba ya ƙarewa kahin kwana ashirin da huɗu."

Ni matar manomi ce, na sha ganin ana wanke abin nan a gindin bishiya kafin a gama shan shayi. Na ce, "To, a yi mai aiki da kyau." Na kwatanta masa gidanmu a Argungu, lungu na biyu bayan masallaci, ƙofa mai shuɗin fenti. Ya maimaita sau biyu. Lambar waya bai tambaya ba, ni ma ban bayar ba, don wannan ya wuce zagaye.

Hantsi ya ɗaga tsohon ya iso, idonsa ja, yana ta ba ni haƙuri. Ya ce igiyar ruwa ta fi ƙarfinsa, a tungar ya kwana. Ya kalli mutumin, ya kalle ni, bai ce uffan ba, Allah Ya saka masa. Suka ɗora injin a jirgi. A bakin gaɓa mutumin ya ɗauki jakarsa ya ce, "Sai an kwana biyu, Malama." Na ce a sauka lafiya. A gida na ce a tungar na kwana tare da mata, tsohon kuma bai taɓa ƙaryata ni ba har ya koma ga Allah.

Kwana ashirin da ukun nan sun fi wata ukun baya tsawo. Ina zaune ana yi mini gaisuwar miji, ni kuwa idon sawuna nake shafawa ta ƙarƙashin zane. Na yi istigfari har na gaji, na yi wa mijina addu'a fiye da da, ban san ko don shi nake yi ba ko don in wanke kaina. Ranar fita aka yi sadaka, na yi wanka, aka yi mini kitso, aka sa mini lalle hannu da ƙafa. Yayata, wadda ta zo daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi don hidimar, ta turara ni da turaren wuta har na yi tari. Na mayar wa Inna wuƙarta.

Washegari tun safe na ci ado na zauna. Yaya ta lura. Ba a ɓoye mata abu, ta matsa mini har na gaya mata rabin labarin, ban da hannu, ban da ƙafa. Bayan la'asar muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama a zaure. Muryar nan ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Na miƙe zumbur, mayafi a hannu.

Yaya ta kama zanena. "Ke, zamna! Jiya-jiya kinka hita takaba, yau ki ruga zaure awa wadda anka koro? Mi mutane za su ce? Mace ba ta hita ga sallamar hwarko. In da gaske shi kai, ya dawo gobe, ya dawo jibi."

Ba zan ɗora wa Yaya laifi ba, ko da yake na yi shekara ina ɗora mata. Abin da ta faɗa shi ne abin da aka koya mana duka. Mijina ma sai da ya yi sallama uku kafin in fita. Tsakar gida cike take da dangin miji da ba su watse ba, kowace ta kasa kunne. Kuma akwai wani abu a raina da ban faɗa wa Yaya ba. Mutumin nan ya san yadda na riƙe hannunsa. Na ji tsoron in na fita da gudu zai ce da ma haka take, mai arha ce. Na so ya ga ina da aji. Da bakina na ce wa Yaya, "Je ki ce mai ba ni nan."

Ɗakina bango ɗaya ne da zaure. Na manna kunne. Na ji Yaya ta gaishe shi, na ji ta ce na fita unguwa. Ƙamshin turaren da aka yi mini ya cika gidan har waje, kuma wace mace ce ke fita unguwa da irin wannan taro a gidanta? Ya ce, "Ta san yau zan taho?" Yaya ta ce, "Ta sani." Sannan ya ce, "To. Ga kayan injinta. A hwaɗa mata an gyara. A ce ta yahe mani in na yi mata ba daidai ba."

Na ji ya fita. Na ji ya tayar da babur, amma bai tafi ba. Ya bar shi yana aiki a ƙofar gida, ya daɗe, ya daɗe ƙwarai. Ina tsaye da mayafi a hannu, taki goma ne tsakanina da ƙofa. Ban taka ko ɗaya ba. Ina cewa a raina gobe zai dawo, gobe zan fita tun sallamar farko. Sai ƙarar ta yi nisa.

Bai dawo gobe ba, bai dawo jibi ba. Sai daga baya na zauna na dubi abin ta wurinsa. Shi ba saurayi ba ne mai zuwa zance da abokai. Mutum ne da ya riƙe hannun matar mamaci a cikin takabarta, ya yi kwana ashirin da huɗu yana tuhumar kansa, ya zo ya ji ko ta yafe ko tana so. Aka ce masa ta san zai zo kuma ta fita. Ni ina jan aji, shi ya ɗauka amsa ce na ba shi.

Na yi wata guda ina jira, sannan na ajiye kunya na shiga mota zuwa Birnin Kebbi da sunan gaida Yaya. Na ɗauki keke na ce a kai ni Badariya wurin masu gyaran injin ban ruwa. Rumfa ta farko suka ce wa nake nema. Ga shi ban san sunansa ba. Na ce wani dogo, baƙi. Suka kalli juna, rabinsu dogaye ne baƙaƙe. Na ce yana da tabo a babban yatsa. Wani mai bakin tsiya ya ce, "Hajiya, duba nan," ya ɗaga hannu, sauran ma suka ɗaga suna dariya, ba wanda ba shi da tabo. Na ce matarsa ta rasu wajen haihuwa. Dariyar ta tsaya, amma ba wanda ya san shi. Na bi rumfa bakwai a ranar. Na sake komawa sau biyu, har wani dattijo ya ce akwai mai irin wannan kama da ya tattara ya bi manoma can wajen Yauri ko gaba, bai tabbatar ba. Na koma gida na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

An nemi aurena bayan nan, mutum biyu, masu mutunci. Na fita tun sallamar farko, na gaishe su, na ba su haƙuri. Yaya ta ce na haukace, mai yiwuwa gaskiyarta ne.

Injin ya faɗo a rabon 'ya'yana, ni ke noma gonar yanzu. Da rani ya zo na sa aka mayar da kafireton. Mutumin ya wanke shi tas, ya canza duk abin da ya ci, ya naɗe shi a cikin sabon ƙyalle fari. Na bincika ƙyallen ciki da waje ko ya rubuta lamba ko suna, ba komai. Injin da ke yi mana tari shekara da shekaru, tun daga ranar bai sake ko atishawa ba. Na kan ce a raina da zai lalace, da na sami dalilin bin rumfuna ina cewa a nemo mini wanda ya gyara shi da farko, shi kaɗai ya san kansa. Wata rana har na ɗebi yashi a hannu na buɗe tankin mai. Na tsaya a kansa na kasa zubawa, don aikin hannunsa ne, kuma shi kaɗai ya bar mini.

Rani huɗu ke nan. Kowace safiya in na isa fadama sai in duƙa in kama igiyar, in ce Allah Ka sa yau ya ƙi. Ja ɗaya nake yi ya tashi.